Sabuwar Manhajar Sakandare da Ɗan Manomin Rani: Sharhi ta Fuskar Ƙasar Kura da Bunkure

I

A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fito da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare na Nijeriya. An rage yawan darussa, har ya zama ɗan babbar sakandare ba zai wuce darasi takwas ko tara ba. Biyar daga ciki tilas ne ga kowa, watau Ingilishi, da Lissafi, da darasin zaman ƙasa da gadon tarihi, da ilmin na'urorin zamani, da sana'a guda. Sana'o'in kuwa, waɗanda a da suka kai 34, an tattara su sun koma shida: haɗa wutar hasken rana, da ɗinki, da kiwo, da kwalliya, da gyaran kwamfuta da wayar hannu, da kuma noman lambu da na hatsi. Bayan wata biyu, a Nuwamba, Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa cewa an soke tsarin 2022 wanda ya ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa, an mai da Ingilishi shi ne harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a.

Mai karatu yana iya ɗaukar waɗannan al'amura biyu kamar ba abin da ya haɗa su, ɗaya maganar darussa ce, ɗaya kuwa maganar harshe. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa al'amari ɗaya ne, kuma na biyun yana iya warware alherin da ke cikin na farkon. Ba inda za a fi ganin haka sarai kamar ƙasar Kura da Bunkure, gama a can darasin noman lambu ba baƙo ba ne. Abin da yara suka tashi suka tarar iyayensu na yi ne, kuma da shi ake biya musu kuɗin jarrabawa.

II

Kura tana kudu da birnin Kano bisa hanyar Zariya, Bunkure kuwa tana kudu maso gabas da ita ta wajen Rano. Tun kafin zuwan Turawa sunan Kura ya kai har Azbin saboda rini, domin a marinanta ake rina turkuɗin nan mai ƙyalli da ake kira 'yan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa. Noman rani ma an daɗe ana yinsa a fadamu da bakin rafuka, ana ɗebo ruwa da jigo. Amma abin da ya sake kamannin ƙasar ɗungum shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. Daga Tiga ruwa ke gangarowa ta babbar hanyar ruwa zuwa Ruwan Kanya, sa'an nan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya kai bakin gona, ba da ƙarfin inji ba, sai da gangaren ƙasa kawai. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, galibinsu a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, daga baya kuma aka danƙa shi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Saboda haka yaron da ya kai shekara goma sha biyar a wannan ƙasa ya riga ya san abubuwa da yawa waɗanda ba a makaranta ya koye su ba. Ya san lokacin zuba irin tumatir da lokacin dashe. Ya san alkama tana son a shuka ta da shigowar sanyi, kuma in an makara ba ta yin ƙwaya sosai. Ya san yadda ake zuƙo ruwa da tiyo daga hanyar ruwa zuwa kunya, ya san ranar da ruwa ke zuwa layinsu, ya san yadda kachala ke toshe magudana. Ya ga yadda farashin kwando ke faɗuwa a kasuwar Kwanar Gafan in tumatir ya nuna gaba ɗaya. Watakila kuma ya ji labarin 2016 a bakin mahaifinsa, shekarar da aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, ita ce kuma shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. 'Yar'uwarsa kuwa ta san turarar shinkafa da shanya kauɗar tumatir. Wannan shi ne ɗalibin da sabuwar manhaja za ta tarar a aji.

III

Kafin a yanke hukunci kan manhajar 2025 ya kamata a tuna cewa ba ita ce ta fara alkawarin haɗa makaranta da sana'a ba. A Satumba na 1969 aka yi babban taron manhaja a Ikko, inda aka koka cewa ilmin da Turawa suka bari na horon akawu ne. Daga wannan taro aka samu Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta kawo tsarin 6-3-3-4, aka fara aiki da shi a 1982. Aka raba sakandare biyu, ƙarama da babba, aka bar tsohon tsarin shekara biyar da ƙarin biyu na share fagen jami'a, kuma a 1988 Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ta yi jarrabawar farko ta sabuwar takardar shaida. A cikin wancan tsari an sa harshen Nijeriya guda cikin darussan tilas na babbar sakandare, haka kuma ilmin noma ko wata sana'a. An sayo injuna daga ƙasashen Turai ta Gabas domin darasin share fagen fasaha, amma sanannen abu ne cewa da yawa daga cikinsu sun ruɓe cikin akwatunansu, don ba wutar lantarki, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san kansu.

A 2011 aka sake manhajar babbar sakandare. Aka fito da sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki guda, aka fara jarraba su a 2014. A cikin jerin akwai kiwon dabbobi da kiwon kifi, akwai rini, akwai dukanci, amma babu noman shuke-shuke. A wannan gyara ne kuma aka fitar da harsunan Nijeriya daga darussan tilas, Hausa ta koma abin zaɓi, wanda ya so ya ɗauka, wanda bai so ba ya bari. Makarantu da yawa, da suka ga ba su da kayan aiki, sai suka zaɓi sana'o'in da ake iya koyarwa da allo da alli kawai, irin su ilmin talla da ajiyar lissafin kuɗi.

In aka auna da waɗannan, lalle manhajar 2025 ta yi abubuwa biyu da suka cancanci yabo. Ta rage kayan da ake ɗora wa yaro, ta kuma ba noman lambu gurbinsa, wanda a ƙasa irin ta Kura shi ne ya fi kowace sana'a cancanta. Haɗa wutar hasken rana ma yana da amfani ga manomin da ke ban ruwa da inji a wajen filin aikin Tiga. Abin takaici ɗaya a jerin shi ne rini ya faɗi, watau garin da ya yi suna da karofi ba shi da sauran hanyar sa wannan gado cikin takardar shaidar 'ya'yansa. Amma babban abin dubawa bai tsaya ga jerin ba.

IV

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa sai ta sake. A sha'anin makaranta jarrabawa ita ce kiɗa, manhaja kuwa rawa ce. Malami yana koyar da abin da za a tambaya, shugaban makaranta yana sayen abin da zai ƙara yawan masu ci, uba kuma yana tambayar kiredit nawa ɗansa ya samu. An sake manhajar babbar sakandare sau uku, an ƙara hukumar jarrabawa ta biyu, watau NECO, wadda aka kafa a 1999 ta fara jarrabawa a 2000, amma kiɗan bai sake ba. Mai neman shiga jami'a sai ya kawo kiredit biyar, Ingilishi a cikinsu, sa'an nan ya sake zaman wata takardar Ingilishi a jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa tun 1978. Ko a Oktoba na 2025, da aka sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman fannonin adabi a jami'a, ba a taɓa na Ingilishi ba.

Ba a ce kada a jarraba Ingilishi ba. Abin lura shi ne ana jarraba shi sau da yawa a ɓoye. Ban da takardun harsuna, kowace takarda da Ingilishi ake tambaya, da shi ake amsawa. Ga misali, takardar gwaji ta ilmin noma, yadda aka saba yinta, ita ce a jera abubuwa bisa tebur, ƙasa ko iri ko ƙwaro ko kayan aiki, a sa musu haruffa, a ce ɗalibi ya rubuta sunayensu da amfaninsu. Ɗan Bunkure wanda ya taɓa ƙasar da hannunsa ya san ko za ta riƙe ruwa, in sunanta na Ingilishi ya kuɓuce masa ba shi da maki. Ɗan birni wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, in ya haddace sunan, ya ci. Takardar shaidar da ta fito daga irin wannan gwaji tana shaida iya Ingilishi ne, ko da yake an rubuta noma a kanta. Muddin sabon darasin noman lambu ya bi wannan hanya, zai zama wani littafin hadda ne kawai, kuma waɗanda suka fi kowa sanin abin su ne za su fi kowa faɗuwa.

V

Ana yawan cewa Hausa ba ta da kalmomin da za a koyar da ilmin zamani da su. Wanda ya saurari manoman Kadawa da kunnen mai nazarin harshe zai ga maganar ba ta da tushe, aƙalla a wannan fanni. Kalmominsu sun kasu kashi uku. Akwai na gado, irin su jigawa da laka da dabaro da jangargari, waɗanda ke rarrabe ƙasa bisa ga launinta da yadda take riƙe ruwa, da irin su fangali da kwami da kunya da dashe. Akwai na aro waɗanda harshe ya tauna ya mai da su nasa: takin da aka haɗa da sinadarai uku ya zama kamfa, wani ya zama yuriya, irin shinkafar da masu bincike suka sa wa lamba FARO 44 ya zama sipi, FARO 52 ya zama wita, kowanne daga sunan da ya zo da shi daga tashar bincike. Akwai kuma waɗanda aka ƙera daga kalmomin gida, irin su ban ruwa da takin zamani da maganin feshi. Ba wata hukuma da ta zauna ta tsara waɗannan. Bukata ce ta haife su cikin shekara hamsin.

Har wa yau ginin fi'ilin Hausa kansa yana ɗauke da bambance-bambancen da aikin ruwa ke bukata. Tsarin ajin fi'ili bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 ya nuna yadda wasalin ƙarshe ke sake ma'ana. Manomi yana cewa a koro ruwa in ana so ya zo wajensa, a kora shi in ana so ya tafi wani fangali, a kore shi in ana so a fitar da shi duka. Da wasali ɗaya yake faɗin abin da Ingilishi sai ya ƙara kalma ko biyu. Yaron da ke da wannan a bakinsa ya riga ya riƙe rabin darasin ban ruwa da magudana.

Amma kada a zarce a ce ilmin gona ya isa. Manomi ya san ƙasa takan yi fari ta ƙi shuka in ruwa ya daɗe yana kwanciya a kanta, amma ba lalle ya san yadda gishiri ke hawowa daga ƙarƙashi ba. Ya san ɓarnar sharon, amma ba lalle ya san matakan rayuwarta ba, balle dalilin da ya sa magani ɗaya in aka yi ta maimaita shi yakan daina kashe ta. Yana fesa maganin da aka rubuta ƙa'idarsa da Ingilishi a jikin kwalba, sau da yawa da ƙiyasi yake aunawa, ga kuwa lafiyarsa da ta mai cin tumatirin duk suna rataye ga wannan awo. Waɗannan su ne aikin makaranta, watau ta ba da dalilin abin da ido ya riga ya gani. Hanyar da ta fi sauƙi kuwa ita ce a fara daga sunan da yaro ya sani, a kai shi ga sunan da littafi ya sani, har ya riƙe duka biyu. In aka hana malami harshen yaro, an yanke wannan hanya daga farkonta, sai ilmin aji ya zauna daban, ilmin gona daban, ba wanda ke gyara wani.

VI

Akwai hujjoji uku da masu goyon bayan Ingilishi kaɗai ke kawowa, kuma ba daidai ba ne a raina su.

Ta farko ita ce sakamakon jarrabawa ya lalace a wuraren da aka fi koyarwa da harshen uwa. Wannan ita ce hujjar da aka bayar a Nuwamba na 2025. Amma lissafin shekaru bai goyi bayanta ba. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tsarin harshen uwa a Nuwamba na 2022, zamanin Malam Adamu Adamu. Ɗalibin da ya zauna WAEC ko NECO a 2025 ya bar firamare wajen 2019, shekara uku kafin a yi tsarin, saboda haka faɗuwarsa ba za ta zama shaida a kansa ba. In kuwa ana nufin tsohuwar ƙa'idar da ta ce a fara firamare da harshen gida, to, sai a tambaya ko an taɓa ba ta littattafai da malamai. Inda aka gwada abin da gaske, watau a gwajin shekara shida na Ife wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, yaran da aka koyar da Yarabanci, aka kuma ba su ƙwararren malamin Ingilishi, ba su kasa takwarorinsu ba ko a Ingilishin. A Jamhuriyar Nijar ma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, kuma a 2025 ƙasar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa.

Ta biyu ita ce Nijeriya tana da ɗaruruwan harsuna, takardar shaida kuwa dole ta zama ɗaya daga Sakkwato har Kalaba. Wannan gaskiya ne, kuma ba mai neman a fassara kowace takarda zuwa kowane harshe. Abin da ake nema ƙarami ne, watau a ware ɓangaren aikin hannu na darasin sana'a, a jarraba shi a inda ake yinsa, da harshen da ake yinsa da shi, a bar ɓangaren rubutu da Ingilishi yadda yake.

Ta uku ita ce ta fi nauyi, domin daga iyaye take fitowa. Manomin Kura bai kai ɗansa sakandare don a koya masa dashen tumatir ba. Yana so ya zama likita ko injiniya ko alƙali, ya kuma san ƙofar waɗannan da Ingilishi ake buɗe ta. Yana da dalilin yin zargi in ya ji ana cewa ɗan ƙauye a ba shi Hausa da fartanya, alhali ɗan mai kuɗi yana makarantar kuɗi yana shan Ingilishi. Amsar wannan ita ce a koyar da Ingilishi da kyau a matsayinsa na darasi, a hannun wanda aka hora domin haka. Ba a samun Ingilishi mai kyau ta hanyar tilasta wa malamin noma, wanda shi kansa Ingilishinsa bai nuna ba, ya yi ta karanto littafi ga yaran da ba su fahimta. Abin da ke fitowa daga wannan shi ne yaro ya rasa noman, ya rasa Ingilishin.

VII

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai wani lissafi da ya shafe su kai tsaye. Horon mai takardar NCE shekara uku ne. Manhajar da aka sanar a Satumba na 2025, aka ce a fara aiki da ita a wannan shekarar karatu, ba za ta samu malamin da aka hora dominta ba kafin 2028, ko da kwalejoji sun fara a ranar da aka sanar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan shi ne kuskuren 1982 da na 2011. Tun da yake haka ta riga ta faru, abin da ya rage shi ne a cike giɓin da abin da ke hannu.

Da fari, sashen Hausa da sashen noma na kowace kwaleji su haɗa kai su tattara kalmomin noman rani daga bakin manoma da ma'aikatan tashar binciken ban ruwa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa, a jera kowace kalma da takwararta ta Ingilishi, a buga ƙaramin littafi domin malamai. Ba sabon aiki ba ne ga Hausa. Tun kafin samun mulkin kai R. M. East da Abubakar Imam suka bayyana ilmin halittu da Hausa a cikin Ikon Allah, an kuma kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 domin irin wannan hidima, ga kuma ƙamusun da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 wanda za a ɗora a kansa.

Na biyu, kowace sakandare da ke cikin filin aikin Tiga ta nemi 'yar gona ta hannun ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yankinta. Zangon karatu na farko ya yi daidai da zuba iri da dashe, na biyu ya yi daidai da ɗiban tumatir da girbin alkama, jarrabawa kuwa sai Mayu da Yuni. Tun 1977 manufar ilmi ta tanadi wani kaso na maki ga aikin da ɗalibi ya yi a makaranta cikin shekara. A ba da wannan kaso na darasin sana'a ga fangalin da ɗalibi ya rena da kansa daga iri har kasuwa, tare da littafin da ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, a kuma tambaye shi da baki, da Hausa, dalilin kowane abin da ya yi. 'Yan mata kuma kada a tura su ga ɗinki da kwalliya kawai, alhali sarrafa shinkafa da tumatir a hannun iyayensu mata yake.

Na uku, a nemi hukuma ta mayar da harshen Nijeriya guda cikin darussan tilas na babbar sakandare, yadda yake kafin 2011. In ɗaliban Hausa suka ragu a sakandare, masu shiga sashen Hausa na kwaleji za su ragu, sa'an nan a rasa wanda zai rubuta littafin da aka ambata a sama. Darasin zaman ƙasa da gadon tarihi ma, wanda sabuwar manhaja ta sa tilas, da wuya a ga yadda zai isar da tarihin karofin Kura ga ɗan Kura ba tare da kalmomin baba da shuni da bugu ba.

Manhajar 2025 ta kawo darasin da ya dace da wannan ƙasa, amma ta bar ma'aunin da za a auna shi da shi yadda ta same shi, sanarwar Nuwamba kuma ta ƙara ɗaure shi. Yaran da suka shiga ajin farko na babbar sakandare a 2025 za su zauna jarrabawar fita a 2028. Sakamakon darasin noman lambu a makarantun Kura da Bunkure a wannan shekara shi ne zai nuna ko takardar shaida ta fara shaida abin da aka rubuta a kanta, kuma ya kamata sassan Hausa su nemi wannan sakamako su ajiye.